Idan Mai Kaki Ya Shiga Hannu, Wane Haƙƙi Ya Rage Masa?

Ranar Lahadi 7 ga Disamba 2025, Kwatano da ke Benin ta wayi gari da ƙarar bindiga. Unguwar Zongo ba ta da nisa da Barikin Guézo, don haka 'yan canji da masu shagunan da ke kewayen babban masallacin unguwar ba su jira rediyo ba kafin su san gari ba lafiya. Can sai ga wasu sojoji a talabijin na ƙasa suna cewa sun kawar da Shugaba Patrice Talon, sun ɗora Laftanar Kanar Pascal Tigri a kan wani kwamitin soja. Wajen tsakar rana ministan cikin gida, Alassane Seidou, ya fito ya ce an murƙushe yunƙurin. Kafin dare jiragen yaƙin Najeriya sun yi ruwan wuta a barikin Togbin, inda 'yan boren suka ja daga.

Tigri ya tsere. Waɗanda ƙafarsu ba ta fisshe su ba su ne suka shiga hannu. A tsakiyar watan aka kai mutum wajen 30, yawancinsu sojoji, gaban mai gabatar da ƙara na musamman na CRIET, kotun laifukan tattalin arziki da ta'addanci, aka tura su gidan yari bisa tuhumar cin amanar ƙasa da kisan kai da yi wa tsaron ƙasa zagon ƙasa. An zubar da jini a wannan rana. Matar Janar Bertin Bada na cikin waɗanda suka rasu. Babu mai hankalin da zai ce a yafe wa wanda ya aikata haka. Sai dai tuhuma daban, laifi daban, kuma tsakanin biyun ne maganar haƙƙi take zaune.

A Zongo wannan ba zancen 'yan boko ba ne. Unguwa ce ta fatake, zumuncinta ya ratsa iyakoki, ba abin mamaki ba ne a samu gida guda mai ɗa a rundunar Benin, ƙane a bariki a Sakkwato, suruki a Yamai. Kuma akwai wani tunani da ya daɗe a bakin mutane: wai soja ya riga ya sayar wa gwamnati da ransa, ranar da ya sa kaki ya zama kayanta, in ta ga dama ta ajiye, in ta ga dama ta karya. Dokokin Benin da Najeriya da Nijar ba su ce haka ba. Aikin soja yana rage wa mutum wasu 'yanci, ba ya yajin aiki, ba ya siyasa, ba ya barin wurin aiki don ransa ya ɓaci. Amma da zarar an ce ana binciken sa kan babban laifi, haƙƙin da ke kare mai sayar da goro a kasuwar Dantokpa shi ne ke kare shi.

A Benin tushen maganar yana cikin tsarin mulkin 11 ga Disamba 1990, wanda ya biyo bayan taron ƙasa na Fabrairun 1990. Sashe na 17 ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai kotu ta tabbatar, a shari'ar da aka yi a fili, aka kuma ba shi damar kare kansa. Sashe na 18 ya hana azabtarwa, ya kuma sa iyaka: ba a tsare mutum fiye da awa 48 sai da izinin alƙalin da aka kai shi gabansa, ƙarin da za a yi kuma ba zai wuce kwana 8 ba. Dokar bin bahasin laifuka ta ɗora wa jami'in bincike nauyin gaya wa wanda ya tsare cewa yana da ikon ɗaukar lauya, da ganin likita, da sanar da wani daga cikin danginsa. Babu inda aka rubuta cewa ban da soja. Kuma tsarin mulkin 1990 ya ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta takarda kai tsaye zuwa Kotun Tsarin Mulki ya ce an tsare shi ba bisa ƙa'ida ba. Fursunoni sun sha yin hakan, kotun kuma ta sha ba su gaskiya.

Inda gizo ke saƙar shi ne soja yana da iyayengiji biyu. Kafin alƙali ya san da zamansa, kwamandansa na iya kulle shi a gadirum da sunan horon ladabtarwa, wanda ba ya buƙatar sa hannun kotu. A takarda wannan horo na laifin bariki ne, irin su makara da rashin ladabi ga na gaba. Amma idan aka kulle mutum da sunan ladabtarwa, ana kuma yi masa tambayoyi kan laifin da zai iya jawo masa ɗaurin rai da rai, to agogon awa 48 bai fara tafiya ba, lauya bai shigo ba, iyali ba su san inda yake ba. Yawancin ɓarnar da ake yi wa shari'ar soja a wannan ɗan tsakanin ake yin ta. Abin da kurtu ya faɗa a daren farko, a gaban hafsan da ya saba sara wa, shi ne zai bi shi har gaban alƙali.

Amurkawa sun gane wannan tun da wuri. Sashe na 31 na dokar shari'ar sojansu, wadda ta fara aiki a 1951, ya hana a yi wa soja tambaya sai an gaya masa abin da ake zargin sa da shi, an gaya masa ba dole ne ya yi magana ba, kuma abin da ya faɗa zai iya zama hujja a kansa. Farar hula a can ba su samu irin wannan gargaɗi ba sai a 1966, da shari'ar Miranda. Dalilin a bayyane yake: mutumin da aka horar shekara da shekaru ya amsa da "to, ranka ya daɗe", idan na gaba da shi ya yi masa tambaya, umarni yake ji, ba tambaya ba.

Wannan horo na biyayya shi ne tarkon da ƙananan sojoji ke faɗawa. A bariki ana koya wa kurtu cewa a bi oda tukuna, ƙorafi daga baya. Ƙarfe uku na dare saje ya tashe shi, ya ce ɗauki bindiga, hau mota. Ba a gaya masa ina za a ba, kuma tambaya laifi ce. Idan ya ƙi, ya yi rashin biyayya. Idan ya bi, gari ya waye ya tsinci kansa a ƙofar gidan talabijin, ya zama ɗan juyin mulki. Tsarin mulkin Benin bai bar ƙofa a nan ba: sashe na 65 ya kira duk yunƙurin da soja ya yi na kifar da tsarin mulki laifi ga al'umma da ƙasa, sashe na 19 kuma ya sauke wa ma'aikacin gwamnati nauyin biyayya idan umarnin da aka ba shi take haƙƙin ɗan'adam ne ƙarara. Wato "oda aka ba ni" ba ta wanke kowa. Amma kalmar "ƙarara" tana da nauyi. Hafsan da ya zauna taron shirya abin, da direban da aka ce ya tayar da mota, ba abu ɗaya suka sani ba. Aikin mai bincike ne ya rarrabe su mutum-mutum: wa ya sani, yaushe ya sani, me ya yi bayan ya sani. Shari'ar da ta zuba su a buhu ɗaya ta huta da aiki, amma ba ta gano gaskiya ba.

Tarihin Benin kansa ya isa ya sa mai mulki ya yi hattara. A farkon 2013, zamanin Shugaba Boni Yayi, aka kama wani kwamandan jandarma, Pamphile Zomahoun, tare da wani akanta, Johannes Dagnon, bisa zargin shirya juyin mulki. Wanda aka ce shi ne uban tafiyar yana gudun hijira a Faransa a lokacin, sunansa Patrice Talon. Ranar 17 ga Mayu 2013 alƙalin bincike, Angelo Houssou, ya ce babu hujjar da za a kai kowa kotu da ita. A ranar aka tare alƙalin a iyakar Seme yana ƙoƙarin tsallakawa Najeriya. Daga baya ya nemi mafaka a Amurka. Su kuwa waɗanda ya wanke, suka ci gaba da zama a kurkuku, sai da Yayi ya yi shelar afuwa a Mayun 2014. Bayan shekara biyu Talon ya hau mulki, Zomahoun kuma ya zama shugaban hukumar leƙen asiri. Wanda ya kasance cikin ankwa, shi ya zo ya riƙe fayil ɗin wasu.

Kotun da ke riƙe da shari'ar sojojin Disamba ta farar hula ce, alƙalanta ba masu kaki ba ne. A ido wannan ci gaba ne, kuma hanyar da Faransa ta bi ke nan tun 1982, lokacin da ta rufe kotunan soja na dindindin a cikin ƙasarta a zaman lafiya. Sai dai CRIET tana da nata tabon. An kafa ta a 2018 don laifukan tattalin arziki da ta'addanci, kuma da farko ba a ɗaukaka ƙara daga hukuncinta zuwa wata kotun da za ta sake duba hujjoji. A Maris 2019 Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan'adam da ke Arusha ta same ta da aibi a shari'ar Sébastien Ajavon. A 2020 aka gyara doka, aka ƙara sashen ɗaukaka ƙara, amma a shekarar dai gwamnati ta janye damar da 'yan ƙasa ke da ita ta kai ƙara Arusha kai tsaye. An buɗe taga, an rufe ƙofa.

Sai kuma shari'ar Janairun 2025. Olivier Boko, aminin Talon, da tsohon ministan wasanni Oswald Homeky, an zarge su da yunƙurin sayen kwamandan dakarun fadar shugaban ƙasa, Kanar Dieudonné Tévoédjrè, da sefa biliyan 1.5 don ya yi juyin mulki. Kanar ɗin ya tsaya a matsayin shaida. Lauyoyin waɗanda ake tuhuma suka janye, suna ƙorafi kan yadda aka haɗa alƙalan, kotu ta ci gaba, ta yanke musu shekara 20 babu lauya a gefensu. Idan attajirai masu tawagar lauyoyi sun ƙare haka, dole a tambayi yadda kofur ɗin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata zai kaya. Ga kuma doguwar jira: doka ta ba hukuma har shekara 5 kafin ta gurfanar da wanda ake tuhuma da babban laifi. Ga matar da ke zaune a gidan haya da 'ya'ya, shekara 5 hukunci ce ko da daga baya an ce mijinta ba shi da laifi.

Abu guda Benin ta yi wanda ya cancanci yabo ba tare da "amma" ba. Ta soke hukuncin kisa; gyaran tsarin mulki na Nuwamba 2019 ya rubuta hakan ɓaro-ɓaro. Duk kuskuren da kotu ta yi a kan sojan Benin, yana da rai da za a gyara masa.

Tsallaken Seme labarin ya bambanta. A Najeriya soja gaban kotun soja yake zuwa, ƙarƙashin Dokar Rundunonin Soja, wadda asalinta dokar soja ce mai lamba 105 ta 1993. A takarda ba ta da laifi sosai. Idan aka tsare soja fiye da kwana 8 ba a haɗa kotu ba, dole kwamanda ya rubuta rahoton dalilin jinkiri, ya kuma maimaita duk bayan kwana 8, jimillar kuma kada ta wuce kwana 90. Wanda ake tuhuma na iya ɗaukar lauya farar hula, na iya cewa bai yarda da wani daga cikin masu zaman kotun ba, kuma idan hafsa ne ba a ɗora masa na ƙasa da shi su yi masa shari'a. Hukunci ba ya tabbata sai hukumar da ke sama ta sa hannu, daga nan kuma akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara, har zuwa Kotun Ƙoli. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ba duk wanda aka kama ikon yin shiru har sai ya ga lauyansa.

Lauje yana cikin naɗi a wuri ɗaya: kwamandan da ya kira kotun shi ne ke zaɓar waɗanda za su zauna a cikinta, kuma galibi yaransa ne, ƙarin girmansu na ratsa teburinsa. Daga Ingila aka gaji wannan tsari, Ingila kuwa ta yar da shi. Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan'adam ta ce a shari'ar Findlay ta 1997 irin wannan kotu ba ta da 'yancin kanta. Najeriya na nan riƙe da shi.

Duk wanda ya bi labarin yaƙin Boko Haram ya tuna da 2014. A watan Mayu sojoji a barikin Maimalari da ke Maiduguri suka harbi motar kwamandan Runduna ta 7, Manjo Janar Ahmadu Mohammed, bayan an kawo gawawwakin 'yan'uwansu da aka yi wa kwanton ɓauna. A Satumba aka yanke wa 12 hukuncin kisa. A Disamba wata kotun a Abuja ta yanke wa 54 hukuncin harbewa saboda sun ƙi fita kwato wasu garuruwa a yankin Damboa. Lauyansu, Femi Falana, ya ce mutanen nan makamai suka nema, ba gudun yaƙi suka yi ba. Shekara guda bayan haka aka buɗe binciken kuɗin makamai na dala biliyan 2.1, sai zancen nasu ya fara yin nauyi a kunnen jama'a, kuma a Disamba 2015 rundunar ta mayar da hukuncin sojoji 66 ɗaurin shekara 10. Da an gaggauta ɗaure su a jikin durom, da ba a samu wanda za a sassauta wa ba. Manjo Janar Mamman Vatsa, da aka harbe ranar 5 ga Maris 1986 kan zargin juyin mulki, bai samu wannan jinkirin ba. Haka mutum 42 da aka harbe a Yulin 1990 bayan yunƙurin juyin mulkin Gideon Orkar.

Ganin lauya ma sai an yi da gaske. A 2020 wani las kofur na Runduna ta 8 da ke Sakkwato ya saki bidiyo yana sukar shugabannin soja kan yadda ake tafiyar da yaƙi. Laifin bariki ne, babu gardama. Amma sai da Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ba da umarni a bar lauyansa da iyalinsa su gan shi, abin da doka ta riga ta ba shi kyauta. A kan shari'ar juyin mulki da aka yi wa Laftanar Janar Oladipo Diya a 1998, Hukumar Afirka ta Haƙƙin Ɗan'adam ta ce ɗora wa wanda ake tuhuma lauyan soja da bai zaɓa ba take haƙƙi ne. A Oktoban 2025 hedikwatar tsaro ta ce ta tsare hafsoshi 16 kan rashin ɗa'a, sai a ƙarshen Janairun 2026 ta amsa cewa akwai zargin shirin kifar da gwamnati. Mai karatu ya lissafa kwanakin da kansa, ya gwada su da 90.

Nijar ta ɗauko tata hanyar ne bayan boren sojoji a Diffa a 2002. A 2003 ta yi dokar shari'ar soja ta kafa kotun soja, amma waɗanda aka kama sai a 2006 suka ga alƙali. Wannan kotu ce ta ɗaure Janar Souleymane Salou shekara 15 a Janairun 2018 kan zargin shirya juyin mulki. Kyaftin Sani Gourouza kuwa, wanda aka zarga da yunƙurin juyin mulkin 31 ga Maris 2021, a ƙasar Benin aka kama shi aka miƙa wa Yamai, aka yanke masa shekara 20 a 2023. Watanni kaɗan bayan hukuncin, ranar 26 ga Yuli, wasu masu kakin suka yi abin da aka ɗaure shi a kai, suka yi nasara, babu wanda ya tuhume su.

Wannan shi ne abin da ke sa mutane a majalisun Zongo su ɗaga kafaɗa su ce shari'ar soja ta mai nasara ce. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ɗaga kafaɗa bai taɓa fitar da kowa daga gadirum ba. Abin da ya fitar da mutane, a duk misalan nan, takarda ce da lauya da naci. Iyalin da aka kama musu soja su rubuta rana da sa'ar da aka tafi da shi, da barikin da aka kai shi. Su nemi lauya tun ranar farko, ba sai an sa ranar shari'a ba. Su nemi a rubuce a gaya musu tuhumar da ake yi masa, da wanda ya ba da izinin tsare shi. Idan an ga alamar duka a jikinsa, a nemi likita nan take, don tabo yana warkewa kafin alƙali ya zauna. Shi kuma wanda aka kama, kada ya sa hannu a takardar da bai karanta ba, ko wadda aka rubuta da Faransanci ko Turancin da bai ƙware a kai ba. Neman tafinta haƙƙinsa ne. Kuɗin da za a kai wa wani "mai hanya a sama" gara a kai shi ofishin lauya.

Sojojin da suka fito a talabijin ranar 7 ga Disamba sun kafa hujja da taɓarɓarewar tsaro a arewa, da watsi da iyalan waɗanda suka mutu a fagen fama, da son kai wajen ƙarin girma. Koken ba daga iska ya zo ba: a Afrilun 2025 gwamnati da kanta ta amsa cewa an kashe sojoji 54 a rana ɗaya a yankin gandun dajin W. Koke na gaskiya ba ya halatta ɗaga bindiga a kan ƙasa, kuma wanda aka tabbatar ya kashe rai ya ɗanɗana kuɗarsa. Amma dubban sojojin da suka tsaya wa tsarin mulki a wannan rana suna kallon yadda ake yi da abokan aikinsu, kuma daga nan za su auna ko doka abin dogaro ce. Ya rage wa CRIET ta yi zamanta a fili, kowane soja da lauyan da ya zaɓa, kowanne da hujjar da ta shafe shi shi kaɗai, ta kuma sallami duk wanda ba a samu komai a kansa ba tun kafin shekaru su ci shi a gidan yari.